Kati Uku, Ciwo Ɗaya

Jawabin da kwamitin jin daɗin malamai ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu. An buga shi da izinin Malamar da abin ya shafa, bisa sharaɗin a sakaya sunanta da na makarantarta.



An ba mu wannan lokaci ne domin mu yi bayanin inda gudummawar da kuka tara ta tafi. Lissafin kuɗin yana hannun ma'aji, zai kuma karanta shi da zarar mun zauna. Mu abin da muka ga ya fi dacewa mu kawo gabanku shi ne bayanin ciwon kansa, domin da yawanku kun cire daga albashin da bai ishe ku ba, ba tare da kun san sunan abin da kuke taimakawa a yaƙa ba. Akwai kuma wani laifi namu da ya kamata ku ji daga bakinmu, kafin ku ji shi a bakin wasu.

Malamar da muke magana a kanta tana koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Shekarunta ba su wuce talatin da 'yan kai ba, tana da 'ya'ya biyu, kuma duk wanda ya yi aiki da ita ya san ba ta makara, ba ta barin littafin ɗalibi ya kwana bai ga jan biro ba. Abin ya faro mata da ciwon ɓarin kai mai naci. Ta ɗauka gajiya ce, mu ma haka muka ɗauka, domin wane malami ne mai aji cike da yara ba ya ciwon kai? Ta yi ta sayen magani a kemis. Bayan 'yan makonni sai ɗalibai suka fara ƙorafin cewa tana maimaita darasin da ta koyar jiya kamar ba ta taɓa koyar da shi ba. Ta shigar da makin wani aji a rajistar wani. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofar ofishin malamai tana tambayar inda ajinta yake, ajin da ta shekara uku tana shiga. Sannan aka lura in an gaishe ta ta hagu ba ta amsawa.

Ga laifin namu. Mun ce girman kai ne. Wasunmu suka ce ai matsalar gida ce ta biyo ta makaranta. Da aka ba ta takardar tuhuma kan sakaci da aiki, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya tashi ya ce, a dakata, wannan ba halin Malama ba ne. Mun zauna a ofis ɗaya da mace tana rasa ji da gani da tunani a gaban idonmu, muna fassara kowace alama da mugun hali. A gida kuwa, ganin ta fara sambatu da kuka ba dalili, dangi suka tafi a kan iska ce ta taɓa ta. Ba mu zo nan don mu ga laifinsu ba, su aƙalla sun gane rashin lafiya ce.

Lokacin da maigidanta ya kai ta asibiti, sai ta tara kati uku. Katin farko na sashen masu taɓin hankali ne, saboda ruɗewa da sauyin hali. Na biyu na sashen kunne ne, saboda kunnen hagu ya toshe, yana ta ƙugi, ga jiri. Na uku na sashen ido ne, domin ta ce wani yanki na abin da take kallo ya yi duhu, kamar an rataya baƙin ƙyalle a kusurwar taga. Kowane sashe ya duba nasa, ya rubuta magani. Ranar da al'amarin ya juya ita ce ranar da wani likitan ido, bayan ya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki, ya ga ta juyo masa da kunnen dama tana cewa ya maimaita. Sai ya tambayi maigidan ko akwai wasu katunan. Ya jera su uku a kan teburinsa, ya rubuta takarda zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa.

Sunan ciwon cutar Susak. An sanya mata sunan wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Dakta Jon Susak, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa bayaninta a shekarar 1979, bayan sun ga wasu mata biyu da irin waɗannan alamu. Ya rasu a 2012. Cuta ce da ba a cika gani ba ko kaɗan. Lokacin da wasu masana a Jamus suka tattara duk rahotannin da aka taɓa bugawa a kanta a duniya, a shekarar 2013, mutum 304 suka samu. Kusan huɗu cikin kowane biyar mata ne, kuma akasarinsu tsakanin shekara 20 zuwa 40 suke, wato daidai shekarun yawancin malamai matan da ke zaune a wannan zaure. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma ga tana bin dangi ba. Muna faɗin wannan da babbar murya saboda mun ji an hana wasu yara zuwa gidan Malama.

Yadda take aiki kuwa shi ne, jijiyoyin da ke kai jini sassan jiki suna rarrabuwa kamar rassan bishiya, har su kai ga waɗanda kaurinsu bai wuce na silin gashi ba. Cikin kowace jijiya akwai wata lallausar shimfiɗa da jini ke gudana a kanta. A wannan cuta, garkuwar jikin mutum, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta ne, sai ta juya ta afka wa wannan shimfiɗa. Shimfiɗar ta kumbura, hanyar ta tsuke, jini ya kasa wucewa, ɗan yankin da jijiyar ke ciyarwa ya mutu. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda masana na jami'ar Munsta ta Jamus ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD8 ne ke wannan ɓarna. Wurare uku cutar ta fi zaɓa: ƙwaƙwalwa, da shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, da wani ɗan sashe na can cikin kunne mai siffar katantanwa, inda ake mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa za ta fahimta. Kun ga asalin katunan nan uku.

Abin da ke sa ta wuyar ganewa shi ne alamun ba sa zuwa tare. A cikin mutum 304 ɗin nan, kashi 13 cikin ɗari kacal ne suka zo da duka ukun tun farko. Sauran sai ɗaya ta fito, a yi makonni ko watanni, sannan ta biyu ta biyo. Wani lokaci ma toshewar jijiyar ido tana can gefe, mai ciwon bai san da ita ba, ko kuma ruɗewar ta hana shi ya lura balle ya faɗa. Shi ya sa likitan da ya yi zarginta ba ya jiran alamu su cika, shi ke bin su da gwaji. Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, inda ake duba gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu. A tsakiyar wannan gada cutar kan bar wasu fararen tabo kewayayyu, mu da aka nuna mana hoton Malama mun ga kamar an jera ƙananan curin dawo. Ana yin allurar wani rini a jijiyar hannu, a ɗauki hoton bayan ido yayin da rinin ke zagayawa, a ga inda hanya ta toshe da inda bangon jijiya ke yoyo. Ana gwajin ji a ɗaki marar hayaniya, wanda yakan nuna cewa sauti mai kauri ne ya fara ɓacewa. Sau da yawa kuma akan ɗebi ruwan ƙashin baya a auna.

Kada wani ya fita daga nan ya ce ciwon kansa Susak ne. A ƙasarmu akwai abubuwa da dama da suka fi ta yawa nesa ba kusa ba, waɗanda su ma kan taɓa ƙwaƙwalwa ko ido ko kunne: sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da zazzaɓin Lassa wanda kan bar mutum da kurumta, da sikila, da ciwon suga, da hawan jini, da tunjere, har da wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Sai da aka kawar da irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin a tsaya a kan ciwon Malama. Akwai kuma wata cutar ƙwaƙwalwa da likitoci ke taƙaita sunanta da MS, wadda hotonta ke kama da na Susak, har akan rikita su ko a manyan asibitocin Turai. Rikitawar tana da haɗari, domin an samu rahotannin waɗanda ciwonsu ya tsananta bayan an ba su wani daga cikin magungunan MS.

Yanzu sai maganar magani, wadda ita ce ta cinye gudummawarku.

Saboda ƙarancin masu cutar, ba a taɓa yin irin babban gwajin nan da ake raba majinyata gida biyu a kwatanta magani da magani ba. Abin da likitoci ke bi shi ne gogewar waɗanda suka fi ganin masu ita, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a fara da wuri, a fara da ƙarfi, a daɗe ana yi. Dalilin a fili yake. Magani yana iya kashe wutar, amma ba ya tayar da abin da ya riga ya ƙone. Ɗan yankin ido ko na kunne da jini ya yanke masa har ya mutu ba ya dawowa. Saboda haka duk makon da aka yi ana jayayya kan girman kai ne ko iska ce, wani abu ne ake rasawa wanda kuɗi ba zai fanso shi ba.

Matakin farko shi ne maganin da ake kira sitiroyid, mai danne garkuwar jiki da gaggawa. Akan ba da shi ta ƙarin ruwa, giram ɗaya a kullum na kwana uku zuwa biyar, sannan a koma ƙwayoyi, ana ragewa sannu a hankali cikin watanni. A nan muna roƙon ku saurara da kyau. Wannan magani dangin ƙwayoyin nan ne da wasu ke saya a kemis don su yi ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. A hannun likita ceto ne, amma yana da kuɗin fansa: yana kumbura fuska, yana tayar da suga da hawan jini, yana hana barci, yana raunana ƙashi, musamman na ƙugu. Kuma wanda ya daɗe yana shansa, in ya yanke shi rana ɗaya, yana iya faɗuwa rai a hannun Allah, domin jikinsa ya daina yin nasa. Da kuka ga fuskar Malama ta cika kuka ce ta samu sauƙi har ta yi ƙiba, aikin maganin kuka gani.

Tare da shi akan ba da wani magani da ake tacewa daga jinin dubban masu ba da gudummawar jini, likitoci suna kiransa IVIG. Ana auna shi da nauyin majinyaci, giram biyu ga kowane kilo a zagayen farko, wato mace mai kilo 60 tana buƙatar giram 120, sannan a riƙa maimaitawa bayan 'yan makonni. Ƙwararru suna ba shi muhimmanci ƙwarai a wannan cuta. Tsadarsa kuwa ba a magana. Mafi yawan abin da kuka tara a nan ya tafi, kuma duk da haka ba mu iya sayen adadin zagayen da likita ya so ba. Mun zauna da shi, muka faɗa masa iyakar ƙarfinmu ba tare da kunya ba, shi kuma ya sake tsara maganin daidai da abin da za a iya. Muna ba duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali shawarar ya yi haka. Gara likita ya san gaskiyar aljihunka tun farko da a fara magani a yanke a tsakiya.

Sai kuma magungunan dogon zango, waɗanda ke riƙe garkuwar jiki bayan an janye sitiroyid. Akwai maikofenolet da azatiyofirin, waɗanda ƙwayoyi ne. Akwai rituksimab da ake ƙarawa ta jijiya. Idan cutar ta yi wa ƙwaƙwalwa mummunan kamu, akan kai ga saikulofosfamaid, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne. Likitoci da yawa suna haɗawa da ƙaramin asfirin. A binciken nan na 2019 an gwada wani magani mai suna natalizumab a kan mutum huɗu, aka ga sauƙi, sai dai mutum huɗu ba su isa a kafa hukunci da su ba. Yawanci akan ɗauki kimanin shekara biyu ana wannan jinya. A wasu mutanen cutar takan yi zamaninta ta lafa, a wasu kuwa takan tafi ta dawo, shi ya sa ko bayan an samu sauƙi ba a daina komawa gwajin ido da na kunne.

Abubuwa biyu ne a nan suka shafe mu fiye da yadda suka shafi mutanen Turai. Na farko, duk maganin da ya danne garkuwar jiki yana buɗe ƙofa ga cutar da ke kwance. Tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suna da yawa a cikinmu, kuma mutum yana iya ɗauke da su bai sani ba. Rituksimab musamman yana iya tayar da ciwon hantar da ya yi shekaru yana barci. Don haka gwada waɗannan kafin a fara wajibi ne, kada a ga kamar likita yana ƙara wa mutum kashe kuɗi. Na biyu shi ne haihuwa. Maikofenolet da saikulofosfamaid suna lahanta ɗan tayi, na biyun ma yana iya taɓa haihuwar gaba ɗaya. Mace mai shekara talatin a garinmu, kun san irin tambayar da dangin miji za su fara yi in shekara biyu ta wuce shiru. Dole a zaunar da miji, a yi masa bayani tare da matarsa. A nan sai mu yaba wa maigidan Malama, wanda ya tsaya a gaban danginsa ya ce shi ya ji daga bakin likita, kuma maganar ta ƙare.

Ina aka kwana? Tunanin Malama ya dawo, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tana saurin gajiya, kuma ta ce in mutum biyu suna magana lokaci guda sai zaren ya kuɓuce mata. Duhun da ke kusurwar idonta yana nan, ta koyi juya kai. Kunnen hagu bai dawo ba, likita kuma ya gaya mata kada ta sa rai, domin a wannan cuta ji shi ne abin da ya fi wuyar dawowa. Na dama ya ɗan taɓu, an sa mata na'urar ƙara ji. Waɗanda kunnuwansu biyu suka mutu gaba ɗaya akan yi musu aikin dasa wata na'ura a cikin katantanwar kunnen, kuma masu wannan cuta suna cikin waɗanda aikin ke yi wa amfani, tunda jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa takan tsira. Malama ba ta kai ga buƙatar haka ba.

Mun tambayi likitan ko da an zo da wuri da kunnen ya tsira. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma da an fi samun dama. Mun lissafa, tsakanin ranar da aka fara cewa ba ta amsa gaisuwa da ranar da aka sa mata ƙarin ruwan farko, an yi kusan zangon karatu guda. Mu malamai ne, mun san abin da ake iya koyarwa a zango guda.

Ba muna neman ku zama likitoci ba. Amma aikinmu ya koya mana lura. Mukan gane yaron da ba ya ganin allo tun kafin iyayensa su gane, mukan gane wanda ke kallon leɓenmu saboda ba ya ji. Wannan idon ne muka kasa juyawa ga abokiyar aikinmu. Idan mutumin da kuka sani da natsuwa ya sauya cikin 'yan makonni, yana mantuwa, yana ruɗewa, ku fara da tambayar lafiyarsa kafin ku tambayi halinsa. Idan kunne ya toshe farat ɗaya ba tare da mura ko ruwa ya shiga ba, wannan abin gaggawa ne ko da ba Susak ba ce, kuma makonni biyun farko su ne lokacin da magani ya fi tasiri. Kada a tsaya ɗiga mai ko ruwan albasa. Haka in wani yanki na gani ya ɗauke, ko da babu zafi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Duk wanda zai raka majinyaci, ya tafi da dukkan katunansa da takardun gwajinsa a jaka ɗaya, ya zube su gaban kowane likita, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Game da takardar tuhumar, kwamiti ya rubuta wa hukumar makaranta, haɗe da rahoton likita, yana neman a cire ta daga fayil ɗin Malama. An amsa mana da baki cewa za a cire. Muna jiran amsar a rubuce, kuma muna roƙon sakatare ya sa wannan a ajandar zama mai zuwa. Mun kuma nemi a rage mata yawan darussa, a ba ta ajin da ke nesa da titi.

Malama za ta koma aiki ranar Litinin ta farkon zango mai zuwa. Ta ce mu isar muku da godiyarta, ta kuma ba mu saƙo uku. Tana shan maganin da ke raunana garkuwar jiki, don haka mai tari ko mura ya gaishe ta daga nesa, ba za ta ji haushi ba. Kada a ɗaga mata murya, ƙara ba ta taimaka mata, a dai fuskance ta a yi magana a natse. In kuma kun biyo ta baya kuka yi sallama ba ta amsa ba, ku zagayo ta damanta ku sake yi.

Ma'aji, bismillah.